Rada, Ba Raɗa Ba

Gumel,
Yuni, 2023

Zuwa ga 'yata Muhsinat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Chamsou da abin da kika samu. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka, yayanki ya yi shuka. Gwiwata tana nan yadda kika san ta, kunnen kuwa ya ƙara nauyi, don haka kada ki wahalar da kanki da kiran waya. Ki rubuta a takarda da hannunki, ki ɗauki hotonta ki turo wa Aishat matar yayanki, za ta kawo min in karanta.

Barka da sauka lafiya. Allah Ya raya, Ya sa mai jin ƙan iyayenta ce. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ban ji daɗin yadda labarin ya iso ni ba. A bakin Aishat na ji, ita ma a hoton da aka liƙa a waya ta gani, tare da duk mutanen duniya. Ba haka uwa take jin haihuwar farin 'yarta ba.

Da a gida kike, da yanzu kina ɗakina, tukunyar wanka tana kan wuta safe da yamma. Na sa yayanki ya tambayar min biza, an ce yanzu ba a ba 'yan Najeriya. Ban ce laifinki ne ba, amma ba ni na aike ki Dubai ba. Tunda haka Allah Ya nufa, ki ji abin da zan faɗa. Ki yi wanka da ruwa mai zafi, ki sami ganyen darbejiya. Ki ɗaure cikinki. Ki sha kunun kanwa. Kada ki kwanta a ƙarƙashin esin nan naku mai hura sanyi da jariri. Ranar da jini ya ɗauke, ki yi wanka ki kama salla, kada ki ce sai kin yi arba'in, wannan ba addini ba ne.

Sannan ga shi bakwai ta wuce, har yau ba wanda ya gaya min sunan yarinya. Mata suna shigowa barka suna tambayata, ni kuma ina cewa layin waya ne ba shi da kyau. Ba na son ƙarya a bakina da girmana. Wa ya yi mata huɗuba? An yanka rago? An yi mata aski? Ki amsa min ɗaya bayan ɗaya.

Mahaifiyarki,
Bilqis Sanda

*

Al Nahda, Dubai,
Yuni, 2023

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ya gwiwar? Ki gaida Yaya da Aishat da yara. Ki yi haƙuri da munin rubutuna, a kwance nake yi.

Ki yafe min zancen hoton. Chamsou ne ya sa, murna ce ta ɗebe shi. Ni a lokacin ban ma san inda kaina yake ba. Haihuwar ta zo da gardama, aiki aka yi min, na kuma zubar da jini da yawa. Likita ta hana ruwan zafi a kan ɗinkin. Darbejiya kuwa ga ta nan a bakin titi ina hangen ta ta taga, amma a garin nan ba a taɓa bishiyar hukuma. Kanwa na samu wajen wata Bazabarmiya a Al Rigga, ina shan kunun.

Chamsou ne ya yi mata huɗuba da kansa. Rago an yanka a Damagaram wajen danginsa. Aski ni na yi mata da ƙaramin almakashi. Shi Chamsou ya koma masaukin ma'aikata a Muhaisnah, kin san maza ne zalla a can, sai ranar hutunsa yake leƙo mu.

Sunanta Rada. Zan yi miki bayani in na ƙara jin ƙarfi, ina kuma fatan za ki fahimce ni.

Tana da dogayen yatsu irin naki.

'Yarki,
Muhsinat

*

Gumel,
Yuli, 2023

Zuwa ga 'yata Muhsinat,

Assalamu alaikum. An yi salla lafiya? Allah Ya maimaita mana. Na ji labarin aikin da aka yi miki, hankalina ya tashi, amma tunda kin iya riƙe biro na san da sauƙi. Ki bi maganar likita a kan ɗinkin, in ya kame ki bi tawa.

Yanzu zancen suna. Da na karanta layin nan, sai da na yi tsaki. Na ce yarinyar nan har yau ba ta daina mantawa da ƙugiyar ɗ ba, abin da nake dukan hannunta a kansa tun tana aji uku, ga shi har da sa babban harafi inda bai kamata ba. Na kuma ce wane irin zance ne wannan, sunanta raɗa? Wa ake ɓoye wa? Sai da na idar da la'asar ina kan darduma abin ya faɗo min. Wane suna ne 'ya ba za ta iya rubutawa a takardar da za ta aika wa uwarta ba, sai dai a raɗa shi? Sunan uwar ne.

Muhsinat, ba sai kin yi wani bayani ba, na fahimce ki sarai. Allah Ya yi miki albarka. Na sha faɗa a gidan nan cewa Dubai ta cinye min tarbiyyar 'ya. Yau na janye rabin maganar. 'Yar da ta yi shekara da shekaru cikin Larabawa da Indiyawa amma har yanzu tana jin nauyin furta sunan mahaifiyarta, ba ta lalace ba. Ki ce da Chamsou na gode. Ban so aurenku ba, kun sani, amma wannan karamci ne, don yana da tasa uwar da zai iya sa wa.

Tunda ba a yi taro a can ba, ni na yi a nan. Na sa Aishat ta yi waina da miyar taushe, na raba goro da alawa, matan unguwa suka cika tsakar gida. Hajiya Nafi maƙwabciyarmu tana shigowa ta rangaɗa guɗa ta ce, "Yau Bilqis ta zama biyu, Gumel ta shiga uku!" Na ce mata, "Ke da jikokinki goma sha, wanne aka sa wa Nafi?" Ta ce, "Ai tsoron halina suke kada yaro ya ɗauko." Aka yi ta dariya. Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba.

Tunda ba mai iya kiran sunan a gidan nan, Ummi za mu riƙa ce mata. Ku ma ku kama haka tun yanzu don ta saba.

Ki riƙa karanta mata Falaƙi da Nasi kina tofa mata. A daina sa hotonta a waya, akwai baki.

Mahaifiyarki,
Bilqis Sanda

*

Al Nahda, Dubai,
Agusta, 2023

Inna,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, ɗinki ya kame, yarinya tana ƙiba. Na jinkirta amsa ne don na rasa ta inda zan fara. Na karanta labarin wainar nan na yi kuka.

Inna, ban manta ƙugiya ba. Babu ƙugiya a sunan. Rada ne, da d irin ta dawa. Ba sunanki aka sa mata ba. Ki yafe min, ban taɓa zaton za ki karanta shi haka ba.

Sunan wata mata ce da muke ɗaki ɗaya a fulat ɗin nan. 'Yar ƙasar Bulgeriya ce, ta kusa sittin, tela ce a wani otal, tana gyaran kayan ma'aikata. Ba ta da miji, ba ta da ɗa. Kin san ciki biyu na yi suka zube kafin wannan. Da wannan ya shiga wata na biyar, likita ta ce in na ci gaba da hawa da sauka shi ma zai tafi. Gadonmu mai hawa biyu ne, nawa ne na sama. Rada ta bar min na ƙasa, ita da ciwon bayanta ta koma hawa tsani. Ita ta riƙa dafa min abinci, ita ke wanke min kaya. Ta daina shigo da naman da ba ma ci, ba tare da na roƙe ta ba. Ranar da jini ya ɓalle min da tsakar rana, wayar Chamsou tana kulle a loka a wajen aiki. Ita na kira. Ta baro aiki ba izini, ta ciccibe ni zuwa tasi, ta zauna da ni a asibiti har aka sallame mu. Da ta koma suka ce sun sa wani a gurbinta. An soke bizarta, ta tafi ƙasarsu makon jiya.

Na taɓa tambayar ta ma'anar sunan tana yanka min albasa. Ta ce a yarensu radost shi ne farin ciki, Rada kuma ita ce mai farin ciki, wadda ake murna da ita. Ta ce tsohon suna ne, kalmar yarensu ce kawai, ba daga coci aka samo shi ba, kuma ana jin irinsa a Sabiya da sauran ƙasashen da yarensu ya yi kama da nasu. Sunan kakarta aka sa mata, don su ma suna yin takwara. Sai ta share hawayen albasa ta ce, "Habibti, ki dube ni da kyau. Tsohuwa, ina ɗinke wandunan mutane a ƙasar mutane, wai ni ce Mai Farin Ciki. Yalla, maza ci abincinki." Da na farfaɗo na ga yarinya tana numfashi, ba sunan da ya zo bakina sai nata. Chamsou ya tambayi limaminsu a Muhaisnah, ya ce suna mai kyakkyawar ma'ana ba laifi.

Inna, na san lokacin bai dace da roƙo ba, amma ba ni da wani lokacin. Hutuna ya ƙare, na koma aiki a asibitin haƙori. Wata 'yar Habasha ce ke riƙe min ita da rana, ita ma a ɓoye. Mai fulat ya ce bai ba da hayar gado don a yi reno ba. Takardar zama kuma ba za a ba yarinyar ba, don albashina da na Chamsou ba wanda ya kai abin da doka ta ce. Kwantiraginsa zai ƙare a Oktoba, sun ce ba za su sabunta ba, gida zai tafi. Dole ya tafi da ita.

Zai iya sauka a Kano ya kawo miki ita Gumel, ko ya sauka a Yamai ya kai wa yayarsa Sadia a Damagaram. Kin san tun juyin mulkin nan na Nijar an rufe iyaka. Duk ɓangaren da ta sauka, a nan za ta zauna. Ni wajenki nake so ta tashi. Ki karɓar min ita.

'Yarki,
Muhsinat

*

Gumel,
Agusta, 2023

Muhsinat,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Gwiwa ba sauƙi.

Na karanta. Aishat ma ta karanta kafin ta kawo min, kuma kin san bakin Aishat. Kafin azahar unguwa ta ɗauka. Shekarata sittin da ɗoriya a garin nan ba a taɓa nuna ni da baki ba, sai da 'yar cikina ta sa na tara mata na ciyar da su a kan takwarar da ba ni da ita. Jiya Hajiya Nafi ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, ya raɗa? Ko in matso kusa?" Na ce ta matsa can. Wannan kaɗan ne daga abin da yarinyar za ta sha in ta zo da sunan nan. Kina tsammani akwai wanda zai tsaya duba ƙugiya a Gumel? Raɗa za su kira ta. A makaranta yara za su bi ta suna cewa, Raɗa, zo ki gaya mana abin da aka ce. Kin sa wa 'yarki sunan aikin magulmata.

Matar nan ta yi miki alheri, ban musa ba. Allah Ya saka mata, Ya shirye ta. Amma ana saka alheri da turmin atamfa, da turare, da addu'a. Ba a saka shi da sunan 'ya. Suna ba kyautar sallama ba ne. Da shi za a ɗaura mata aure, da shi za a kira ta ranar tsayuwa. Kin ce ita sunan kakarta aka sa mata. Ashe har Turawan sun fi ki sanin haƙƙin kaka. Wata huɗu ta yi tana hawa tsani dominki. Ni ba zan lissafa nawa ba, don ba don a biya ni na yi ba.

Na je wajen Malam Zainul Abideen na karanta masa inda kika yi bayanin ma'anar. Ya ce in dai haka ne, shari'a ba ta hana ba. Na ce, "Malam, kai za ka sa wa taka?" Ya ce, "Hajiya, ni fatawa kika tambaye ni." To ka ji. Abin da bai haramta ba daban, abin da ya dace daban. In farin ciki kike so, ina Farida, ina Sa'adatu, ina Bushira? Larabcin ne ya ƙare?

Sannan ina mamakin yadda kike ta rubuta sunan 'yar fari gatsal, ba ko kunya. Ni har yau ban taɓa kiran yayanki da sunansa a gaban mutane ba.

Maganar riƙo kuma. Wace uwa ce take cire 'yar wata huɗu daga nono don aikin amsa waya a asibitin haƙori? Abin da ya kamata shi ne ki tattara ki dawo gida da 'yarki. Na san za ki ce Chamsou ba aiki, ke ce mai ɗaukar gida biyu. Na ji. In ba za ki dawo ba, ga sharaɗina. A canja sunan nan a takarda. Ba sai nawa ba, na yafe, ba na so kuma. Kowane sunan Musulmi. Ranar da kika turo min hoton takardar da sabon suna, ƙofata a buɗe take. Kafin nan, ba zan goya abin da ba zan iya kira ba.

Mahaifiyarki,
Bilqis Sanda

*

Al Nahda, Dubai,
Satumba, 2023

Inna,

Ina gaishe ki, Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa. Yarinya ta yi mura amma ta warke.

Na je na tambaya. Sunan yana kan takardar haihuwa, yana kan fasfonta na Nijar da ya riga ya fito. Canja shi sai an bi ta kotu, sannan a sake fasfo, abin watanni ne. Wa'adin da aka ba ta na zama a ƙasar nan zai cika kafin nan. Ko da ina so, ba lokaci. Kuma gaskiya, Inna, ba na so. Matar nan ta rasa aikinta a kaina, ta tafi da akwati ɗaya. Abin da kawai ta tafi da shi daga garin nan shi ne ta san akwai wata Rada.

Takarda takarda ce, a akwati za ta zauna. A gida ki kira ta abin da kika ga dama.

Chamsou zai yanki tikiti kafin ƙarshen watan nan. Ba doguwar wasiƙa nake nema ba. Kalma ɗaya ki ba Aishat ta turo min, Kano ko Yamai. Don Allah, Inna. Ban san Sadia ba, sau ɗaya na taɓa ganin ta, ranar ɗaurin aure.

'Yarki,
Muhsinat

*

Gumel,
Oktoba, 2023

Zuwa ga 'yata Muhsinat,

Assalamu alaikum. Ina fatan murar ba ta dawo ba. Mu nan an fara yankan gero, an gode Allah.

Na san kin jira. Da gangan na yi shiru, don ki zauna ki auna maganar da kika rubuta min. In kira ta abin da na ga dama? Haka ake yi wa uwa magana? Haka ake ce wa mai talla in ya dame ka da ciniki. Na haife ki, na yi miki tarbiyya, ban taɓa ce wa kakarki ta yi abin da ta ga dama ba har ta koma ga Allah. Aishat ta yi ta kawo min saƙonki, na ce ta ce miki na ji. Ina so ki san ba a ba ni wa'adi kamar mai neman biza.

To, yanzu na huce, ga hukuncina. Yarinya ba ta yi min laifi ba. Jinina ce, ba za ta tashi a hannun mutanen da ban san irin tarbiyyarsu ba. Chamsou ya sauka a Kano ya kawo ta. Fasfon nan zan sa shi a ƙasan akwati, ba mai ganin sa. A gidan nan Ummi ce, kuma kada wanda ya kira min ita da wani abu daban, har ke.

Na yi magana da yayanki. Aishat tana shayar da ƙaramin ɗanta, ta yarda za ta haɗa su, don ba zan rayar da jikata da madarar gwangwani kaɗai ba. Sun san hukuncin, sun zama 'yan'uwan nono ke nan, ba aure tsakaninsu. Na sa an yi wa ɗakina farar ƙasa, an toshe inda yake yoyo, na sayi gidan sauro sabo. Ki haɗo mata kayan sanyi da katin rigakafinta.

Ki gaya min ranar da za su sauka don yayanki ya je Kano ya tarye su.

Mahaifiyarki,
Bilqis Sanda

*

Al Nahda, Dubai,
Nuwamba, 2023

Inna,

Ina gaishe ki. Ina nan.

Wasiƙarki ta zo bayan sun tafi da kwana biyu. Na riƙe Chamsou har watan ya ƙare, na ƙara roƙon sa ya ƙara min mako. Daga ƙarshe ya ce, "Bon, Muhsina, ba zan sauka Kano da jaririya a kafaɗa in tsaya a ƙofar surukata ina roƙo ba. In ta ce a'a, ina zan bi da ita, ta daji? Khalas, shi ke nan." Ya yanki na Yamai. Ban ga laifinsa ba.

Da na ce ki kira ta abin da kika ga dama, nufina na bar miki. Ban san yadda zan rubuta shi ya fi haka ba.

Na raka su filin jirgi da safe. Na ba ta nono a kan benci har aka fara kira. Ba ta yi kuka ba, tana ta kallon fitilu. Daga nan na hau jirgin ƙasa na wuce aiki, don ban samu hutun ranar ba. Na ɗaure ƙirjina da zane kusan mako biyu kafin ruwan ya ɗauke.

Tana Damagaram wajen Sadia. An ce tana shan madara, ta yi zawo amma ya tsaya. Mahaifiyar Chamsou ta ce abin da ke cikin fasfon nan ba suna ba ne. Ta tara malamai aka yi addu'a, aka raba goro, aka sa mata Hannatou, sunan ita mahaifiyar tasa. Ba a tambaye ni ba, a hoto na gani. Chamsou ya ce in yi haƙuri, ba shi da aiki, a gidan uwarsa yake ci, ba zai iya musa mata ba. Ga shi dai an canja, Inna.

Rada tana turo min saƙo daga ƙauyensu, tana cewa ina ƙaramarta, ta fara zama? Ina tura mata tsofaffin hotuna. Ban gaya mata komai ba.

Na koma gadon sama. An sa wata 'yar Nepal a na ƙasa.

Kada ki ji shiru ki ɗauka fushi ne. Ba ni da abin rubutawa ne kawai.

Muhsinat

*

Gumel,
Disamba, 2023

Zuwa ga 'yata Muhsinat,

Assalamu alaikum. Wannan ita ce ta uku da na rubuta ba amsa. Aishat ta ce alama tana nuna kin buɗe. Ko fushi ne ko ba fushi ba, gaisuwar uwa wajibi ce. Lafiyarki nake son ji. Ni gwiwa ta hana ni tsayuwa a salla, a zaune nake yi.

Abin da mutanen Damagaram suka yi ba daidai ba ne. Uba ya yi huɗuba, an yanka rago, magana ta ƙare. Ba a sake tara malamai a bayan idon uwa. Kada ki ce ai ni ma abin da na nema ke nan. Ni ke na tambaya, a fili, da rubutuna. Su ba su ɗauke ki a bakin komai ba. Kuma ke da Chamsou kun yi gaggawa. Wanda ya san ni ya san ba zan bar jinina a waje ba. Ya kamata a ce kin san ni.

Ranar kasuwar Maigatari na sa yayanki ya kai ni bakin iyaka. Ya ce, "Inna, a rufe take, wahala kawai za ki sha." Na ce ya tada mota. Na ƙulla mata riguna da man kaɗanya da 'yar hula da na saƙa. Na ɗauka in suka ga tsohuwa da sanda za su ɗaga ƙafa. Motocin kaya ne jere a gefen hanya har inda ido ya tsaya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi. Wasu samari masu babur suka kewaye mu, wai za su bi da ni ta gonaki. Yayanki ya ce in na faɗo daga babur a daji da wannan gwiwar, gawata za a ɗauko. Ni ma na san ba zan iya ɗaga ƙafa in hau ba.

Na taka har wajen shingen. Wani jami'i, yaro ne sa'an yayanki, mai ladabi, ya kawo min kujera. Ya ce, "Mama, wallahi ko uwata ce ba ni da ikon buɗewa. Wa za ki gani a can?" Na ce jikata, jaririya ce, ban taɓa ganin ta ba. Ya ce, "Allah sarki. Allah Ya raya. Ya sunanta?"

Muhsinat, na buɗe baki na tsaya. In na ce Ummi, ba wanda ya taɓa kiran ta haka sai ni, ni ɗin ma ba ta taɓa ji ba. In na ce Hannatou, na sa hannu a kan abin da aka yi miki. Ɗayan kuma ya zo har kan harshena, ban san ko har yanzu nata ne ba. Yaron yana ta jira yana murmushi. Da ya ga abin ya yi tsawo sai ya kau da kai, ya ce da yayanki, "A kai Mama inuwa, rana ta yi mata yawa."

Mun juyo da ƙullin. Yana nan a kan gado.

Mutane suna cewa za a buɗe bayan azumi, wasu suna cewa sai shekara ta zagayo. Yayanki ya ce ko an buɗe, wanda ya yi wa yarinya suna ya raine ta ba zai miƙo ta ba, sai dai a bar ni in gan ta in dawo. Na san gaskiya ya faɗa.

Ki ci abinci. Ki riƙe salla. Ki rubuto min, ko layi ɗaya ne, ki gaya min wanne zan faɗa in an sake tambayata. Ke kika haife ta. Wanda kika ce, shi zan faɗa.

Mahaifiyarki,
Bilqis Sanda